Baba Ya Daina Jingina

Kamfanin motocin safa da Baba yake wa tuƙi ne ya kawo abin. Wata safiya aka tara duk direbobin da ke fama da ciwon suga a ɗakin shan magani na tasha, nas ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana manna musu wani farin abu a bayan damtse. Girmansa bai wuce murfin kwalbar lemo ba. A ƙarƙashinsa akwai wani siririn zare da ke shiga cikin fata, shi ke auna suga ba dare ba rana, ya aika wa waya, waya kuma ta aika wa ofis. Baba ya miƙa mata hannun hagu, don da na dama yake canza giyar mota, ba ya son abin da zai dame shi a can.

Aka ce kowane direba ya ba da lambar mutum ɗaya a gida da zai riƙa gani shi ma. Wayar Umma ƙarama ce mai maɓallai, kira kawai ta iya da fitila.

"Sa ta Uwata," in ji Baba. "Ita ce mai karatun gidan."

Ni ce Uwata. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya iya kama sunana. Ni ce babba, sai Auta da ba ta fara makaranta ba. Kuma gaskiya ni matsoraciya ce. Ina tsoron a kira sunana a aji, ina tsoron tsallaka titi, ina tsoron ƙarar waya tun kafin wannan abu ya zo. Inda nake samun sakewa kawai shi ne kujerar ƙarshe a ɗakin karatu na makarantarmu, wadda ke bayan kantar littattafan da ba mai taɓawa.

A fuskar wayar wani layi ne yake tafiya a hankali daga hagu zuwa dama. In suga yana daidai, layin kore ne. In ya hau, sai ya koma rawaya. In kuwa ya faɗi, ko na'urar ta hango zai faɗi, sai ya zama ja, wayar ta hau kuka, wata muryar mace mai laushi ta ce, "Sugarka yana sauka. Ka tsaya, ka sha wani abu mai zaƙi." An ce musu ƙirƙirarriyar basira ce a ciki, tana koyon jikin mutum har ta san inda sugarsa zai dosa tun bai je ba. Baba ya saurari muryar sau ɗaya ya raɗa mata suna Magulmaciya.

"Ni ban taɓa ganin mai kai rahoto da ladabi irinta ba," ya ce da Umma. "Tana lallashinka tana kai ƙararka."

Ƙa'idar kamfanin a fili take. Rawaya tsakanin direba ne da likitansa, ofis ba ya ganinta. Ja ce ofis ke gani, don direban da sugarsa ya faɗi yana iya suma a kan sitiyari da mota cike da mutane. Wanda ja ta yi masa yawa, sai a sauke shi daga mota. Baba kuwa tun kafin a haife ni yake tuƙi. Ban taɓa ganinsa da wata sana'a ba, ban ma iya kwatanta shi a raina ba tare da maƙullan nan a aljihu ba.

Kwanakin farko lafiya lau. Sai wata rana da yamma ina ɗakin karatu, jakata ta fara rawa a kan cinyata. Na buɗe, na ga layin ya sulalo ƙasa kamar an tunkuɗo shi daga kan bene, ja wur. Na fita da gudu har na manta littafina a buɗe. Na kira shi.

"Baba, kana ina? Kana jina?"

"Ina cikin cunkoso a ƙarƙashin gada. Me ya faru, gidan ne ya kama da wuta?"

"Ja ce fa."

"Na ji ta, tana nan tana yi mini wa'azi. Ni dai ban ji komai a jikina ba. Kawunki kwandasta ya sayo mini alawa, na sha. Koma karatunki."

Bayan ɗan lokaci layin ya miƙe. Washegari haka, jibi ma haka. Kullum da yamma. Na daina gane abin da nake karantawa. Sai in kai ƙarshen shafi in ga ban san wa ya mutu ba, wa ya yi tafiya ba, don rabin hankalina yana cikin jaka yana jira. Ko da wayar ta yi shiru, ina jin rawarta a cinyata.

Aka kira Baba ofis aka ba shi gargaɗi. Ya dawo gida bai cire takalmi ba, ya zauna a bakin kujera ya daɗe yana kallon farin abin nan a damtsensa. Daga ranar layin ya canza hali. Tun da safe yake hawa rawaya, ya yi zamansa can sama har dare. Baba ya yi lissafi irin nasa: in ya ɗaga sugar sama sosai, ko ya faɗo ba zai kai ja ba. Ni kaɗai nake ganin rawayar nan. Ofis ba ya gani, Umma ba ta gani. Ni ce nake ɗauke da ita a jaka kamar kayan sata.

Tururuwa ce ta tona masa asiri. Umma ta ɗauko rigar aikinsa za ta jiƙa, ta ga aljihun ya yi baƙi da su. Ta zazzage, ledojin alawa suka zubo.

"Baban Auta, kanti ka buɗe a aljihu ba ka gaya mana ba?"

"Na fasinja ne. Yara ke yarwa, ina tsincewa."

"Ashe ban da tuƙi har shara suke sa ka. To su ƙara maka albashi." Ta ɗaga rigar ta juya hannun hagu. "Ga wannan baƙin ma a bayan damtse, kullum sai na goge shi har yatsuna su yi ciwo. Ban san me kake gogawa a nan ba."

"Ƙofar mota ce. Sai in tuƙa ina tsaye?"

"Kar ka kawar da maganar. Mutum yana yi wa kansa allura safe da yamma, sannan ya bi da alawa? Uwata, ke da ke gani a waya, me abin ke cewa?"

Dukansu suka juyo. Na gyara tabarau, na ce layin yana hawa yana sauka. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Baba ya kawar da kai.

Ya riƙa shan ruwa kamar ana zuba wa yashi. Ya rame a wuya. Wata rana Auta ta hau cinyarsa da littafinta mai hotuna, ta nuna masa wani shafi, ya ce, "Ga kyanwa."

"Zomo ne, Baba. Kalli kunnensa."

"Gwada ki nake yi. Ashe kina da wayo."

Auta ta yi dariya. Ni ban yi ba, don na ga yadda ya nesanta littafin, ya kuma matso da shi, ya murza ido. Da Auta ta fita na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga na kasa tafiya.

"Baba, idonka."

"Gajiya ce. Hanya ina ganinta ras." Ya ɗago ya dube ni. "Uwata, ki bar wannan tsakaninmu. In aka sauke ni daga motar nan, ban san ta inda zan fara ba. Ki bari in wuce wannan gaɓar."

Amma alawar ba ta hana komai ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan. Layin zai kasance can sama a rawaya, yamma na yi sai ya rufto, Magulmaciya ta ga saurin faɗuwar ta shafa masa ja tun bai kai ƙasa ba. Baba ya ƙara alawa, ja ta ƙara zuwa. Har aka ba shi gargaɗin ƙarshe: in ja ta sake bayyana yana kan sitiyari, ya ajiye maƙulli.

Ranar da ba mu da makaranta na ce zan bi shi. Umma ta dube ni kamar na ce zan shiga dambe, don ta san ba na son motar haya, warin mai da matsi suna sa ni amai. Kafin mu fita na buɗe aljihun tebur na ɗauko tsohon abin gwajinsa, wanda ake huda yatsa a ɗiga jini, na sa a jaka tare da littafi. Ban san me zan yi da shi ba. Na dai ji ba zan iya zama in sake kallon layin daga nesa ba.

Kwandastan Baba dattijo ne siriri, kowa na kiransa Ba-Canji. Ni Kawu nake ce masa. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, yau sufeto muka samu? Ido Huɗu da kanta. Direba, ka yi tuƙin hankali, an turo mana mai rubuta laifi."

"Ina kwana, Kawu."

"Lafiya lau, 'yata. Zauna nan bayan babanki. In za ki yi amai ki yi ta taga, jiya na wanke motar, kuma bayana ba na yara ba ne."

Na zauna a kujerar da ke daidai bayan Baba, na rungume jaka. Ban taɓa kallonsa yana aiki kusa haka ba. Yana zaune a kan matashin da Umma ta ɗinka masa, bayansa a miƙe, hannayensa biyu a kan sitiyari, idonsa na yawo tsakanin madubai. Mutane na hawa suna sauka. Wata mata ta shigo da kwandon kaji, wani ya yi ta faɗa a waya kan wani siminti da ba a kawo ba. Na ga Baba yana zura hannu a aljihu lokaci lokaci, ya ɓare alawa da yatsu biyu ba tare da ya duba ba. Layin yana rawaya. Na buɗe littafi na rufe.

Muka yi ta zagaye har rana ta karkata. A zuwan da muka yi na yamma, muna isa ƙarƙashin gada, inda hanyoyi ke haɗuwa su matse, komai ya tsaya cak. Motoci gaba, motoci baya, katangar siminti a gefe. Hayaƙi ya cika wurin, masu talla na ratsawa da ƙyar. Kawu ya zauna a matakalar ƙofa yana fifita da hula.

"Nan ne gidanmu na biyu," ya ce da ni. "Da an ba mu fili da mun gina ɗaki."

Baba ya ja birkin hannu. Ya sauke numfashi, ya saki jikinsa gaba ɗaya zuwa hagu, ya fitar da gwiwar hannu ta taga, ya danne damtsensa a jikin ƙarfen ƙofa, ya ɗora kai a kan tafin hannu. Na leƙa ta taga na ga direban motar da ke kusa da mu shi ma haka ya yi. Na gaba ma haka. Zaman cunkoso ke nan, kowane direba ya san shi. A ƙarfen ƙofar Baba, daidai inda damtsen ke kwanciya, fenti ya goge har yana ƙyalli.

Muka daɗe a haka. Sai jakata ta fara rawa, wayar Baba kuma ta yi magana daga kan allon mota.

"Sugarka yana sauka. Ka tsaya, ka sha wani abu mai zaƙi."

"A tsaye nake, baiwar Allah," Baba ya ce a hankali. Muryarsa ba ta yi kama da wasa ba. Ya zura hannun dama a aljihu.

Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba.

"Baba, kar ka sha. Bari in gwada yatsa tukuna."

"Uwata, ana kallonmu."

"Don Allah."

Ni da ko yankan albasa ba na son gani, ni ce na huda yatsan mahaifina a cikin mota cike da mutane. Na ɓata takardar gwaji ta farko. Kawu ya zo ya tsaya ya kare mu da jikinsa, yana ce wa fasinjoji, "Ba komai, likitarmu ce ta zo duba mu." Na ɗiga jinin a ta biyu, na jira. Lambar da ta fito ta kusa ɗari uku. Ko kusa da faɗuwa sugarsa bai yi ba.

Don ya ga lambar, Baba ya miƙe zaune ya juyo, damtsensa ya bar jikin ƙofa. Muka zuba wa wayata ido mu uku. Bayan ɗan jim layin ya daina gangara, ya lanƙwasa, ya fara hawa da kansa ba tare da ya sha komai ba. Na kalli ƙarfen da ya goge, na tuna baƙin da Umma ke wankewa a hannun riga.

"Baba, sake jingina yadda ka yi ɗazu."

Ya jingina. Cunkoson bai motsa ba, muna da lokaci. Layin ya sake sunkuyar da kai.

"To tashi."

Ya tashi. Layin ya bi shi.

"Kai," in ji Kawu. "Ashe duk wannan bala'in ƙofa ce. Direba, ƙofa ce ta yi ta kai ƙararka."

Baba bai yi dariya ba, don a lokacin wayarsa ta fara ƙara, kuma mun san wa ke kira. Ya saurara, ya ce to, ya ƙara cewa to. Da muka fita daga ƙarƙashin gada ya tsaya a tashar farko. Wani sabon direba yana jira a wurin, ba ya son haɗa ido da kowa. Baba ya kashe mota, ya miƙa masa maƙulli, ya ɗauki gorar ruwansa da matashinsa. Fasinjoji suka fara guna-guni, wani ya ce ashe marar lafiya aka ba mu. Kawu ya juya zai ba shi amsa, Baba ya ɗaga masa hannu. Muka sauka. Ban taɓa ganin babban mutum yana tafiya a bakin titi rungume da matashin kujera ba sai ranar.

A hanyar komawa tasha ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In mun shiga, ki ce musu jan ƙarya ne, ƙofa ce. Iyakar nan. Kar ki faɗi lambar yatsa."

Na ce to.

Ɗakin shan maganin ƙarami ne, ba taga, fanka ɗaya na juyi a sama. Nas ɗin, wadda direbobi ke kira Sista, tana zaune a bayan tebur. Kusa da ita Mai Jadawali ne a tsaye, shi ke rarraba direbobi a motoci, mutum mai kirki da kullum yake kama da wanda bai yi barci ba. Na yi bayani ina haɗiye rabin kalmomin. Na faɗi gada, na faɗi ƙofa, na faɗi yadda layin ke bin damtsen Baba.

Sista ta ajiye biro. "Yana faruwa. In aka danne wurin, ruwan da zaren ke aunawa ba ya gudana sosai, sai ya nuna kamar suga na faɗuwa. Amma na fi saninsa ga masu kwanciya a kan hannu. Ban taɓa tambayar yadda kuke zama a cunkoso ba." Ta dube ni. "Sai dai magana kaɗai ba za ta ishe ni in rubuta komai ba. Kin gwada yatsa a lokacin?"

"Na gwada."

"Nawa ya nuna?"

Fankar ta yi ta juyi. Na ji idon Baba a gefen fuskata. In na yi shiru, ba mu da shaida, ja ta tabbata gaskiya, ya rabu da mota ke nan. In na faɗa, na tona alawa, na tona ido, na tona duk abin da ya roƙe ni in rufe. Na duba ko'ina a ɗakin ban ga ta inda zan bi ba. Na tuna zomon Auta. Na tuna matar nan mai kwandon kaji, da ta zauna hankalinta kwance a bayan Baba.

Sai na zura hannu a jaka, na ɗauko abin gwajin, na ɗora a kan tebur. Yana ajiye lambar ƙarshe.

Sista ta danna, ta duba, ta ɗago. "Direba. Me kake ci?"

Baba ya kalli abin gwajin. Can ya zura hannu a aljihu ya zube sauran alawar a kan teburin. Ɗaya ta gangara ta faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka.

"Ita ta ce in sha," ya ce. "Kullum sai ta ce in sha."

"Ta ce ka sha, kai kuma ka ƙara da naka." Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa shi ya tsaya a bakin ƙofa ya karanta baƙaƙen da ke jikin bango. Manyan ya wuce su da sauri. Da ya zo ƙananan ya fara canka, ni kuma na sunkuyar da kai don kar in ga fuskarsa.

Ta ce suga in ya daɗe a sama yana sa ido hazo, sau da yawa yakan washe in ya daidaita, amma sai likitan ido ya duba. Ta ce za ta rubuta cewa jan na ƙarya ne. Ba za ta iya rubuta cewa ya koma mota yau ba.

Baba ya juya wajen Mai Jadawali. "Ranka ya daɗe, ka ji dai. Ƙofa ce. A goge mini jajayen nan."

"Wallahi na ji, kuma na yarda. Amma ba ni da inda zan danna in goge. Sunanka ba ya fitowa a jadawalin tuƙi sai na'urar ta sake shi da kanta. Sai ta ga wata guda ba ja ko ɗaya. In ɗaya ta shigo, ko ta ƙarya ce, lissafin ya koma farko."

"To wa zan gani?"

Mai Jadawali ya buɗe hannaye. "Ni ma da na san shi da na je. Zan sa ka a bakin get kafin nan, kar albashinka ya tsaya."

Sista ta ɓare abin daga hagu, ta manna sabo a damtsen dama. Wurin da ta cire ya bar farin zagaye a fatarsa.

Har muka isa gida bai ce mini komai ba, sai sau ɗaya da za mu tsallaka titi, ya kama hannuna ya mayar da ni gefen da ba motoci. Umma ta ji labari, ta buɗe baki za ta fara, ta kalli matashin da ke hannunsa, ta fasa. Ta karɓa ta kai ɗaki.

Tun daga ranar Baba ya daina jingina. Ba wanda ya ce masa haka, Sista cewa kawai ta yi ya kula da damtsen. Amma shi ya riga ya tsorata. A falo ya bar kujerarsa mai laushi ya koma kan wata 'yar kujerar katako marar baya a tsakiyar ɗaki, nesa da bango. In zai wuce ƙofa sai ya karkace. In zai kwanta, Umma ta jera masa matasai a baya don kar ya juya dama. Auta ta zo da gudu za ta ɗare kafaɗarsa, ya tare ta da hannun hagu, ya ce, "Ta nan, ta nan, wancan gefen na kamfani ne." Ta ɗauka wasa ne. Da ya maimaita sau da yawa ta daina zuwa da gudu.

Alawa ta ƙare a gidanmu. Layin ya sauko kore ya zauna. Ni kuma ban daina dubawa ba. Yanzu ba faɗuwar suga nake tsoro ba, bango nake tsoro, da ƙofa, da hannun kujera, da duk abokin da zai rungume shi a hanya.

Likitan ido ya ce hazon ya washe. Saura sakin na'ura. Ranar da watan zai cika na kai masa abinci a tasha da rana. Rumfar get ɗin ƙarama ce, ta kwano, da benci ɗaya manne da bango. Na same shi zaune a bakin bencin, bayansa bai taɓa komai ba, hannun dama a ɗan ware kamar mai ƙurji a hammata. Wata mota ta doso daga can ƙarshen fili, ya faɗi lambarta tun tana nesa, ni da tabarau ban gano ba tukuna. Tasa ce. Ya tashi ya ɗaga ƙarfen get. Kawu ya leƙo ta ƙofa.

"Gobe, Direba. Yaron nan ya karkatar maka da madubi, kullum sai mun yi faɗa. Ido Huɗu, ki tsare mana shi."

Motar ta wuce. Baba ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya sauke ƙarfen ya dawo.

"Me Magulmaciya ta ce?"

"Kore ne."

Ya ci abincin kaɗan. Lokacin hutunsa ne, abokin aikinsa ya karɓi get. Rana ta dafa kwanon rumfar, kuma na san kwana biyun nan bai samu barcin kirki ba, yana ta farkawa ya laluba ko ya juya. Muna zaune na ga idonsa na lumshewa. Kansa ya sunkuya, ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Jikinsa ya fara zamewa a hankali zuwa dama, wajen bangon gefe.

Na so in tashe shi. Na kalli fuskarsa na kasa. Sai na tashi a hankali na zagaya, na kutsa tsakaninsa da bangon na zauna. Na sa tafin hannuna a ƙarƙashin gwiwar hannunsa na ɗaga ta kaɗan, yadda farin abin ba zai taɓa ni ba, ba zai taɓa komai ba. Kansa ya sauka a kafaɗata. Yana da nauyi fiye da yadda na zata.

Littafina yana cikin jaka a ɗaya ƙarshen bencin, wayar ma tana ciki, ba zan iya kaiwa gare su ba. Kwanon bangon yana ƙona mini baya. Tabarauna ya fara zamewa a kan hanci saboda gumi, ba ni da hannun gyarawa. Hannuna ya fara tsami, daga baya na daina jinsa gaba ɗaya. Motoci na shiga suna fita. Na kafa wa jakar ido ina sauraro, ba ta motsa ba, ni ma ban motsa ba.